Fadamar Haɗeja-Nguru: Ruwan da Ke Ciyar da Manomi da Masunci da Mai Cin Albarkar Daji

Fadamar Haɗeja-Nguru wani shimfiɗaɗɗen kwari ne da ya ratsa jihohin Jigawa da Yobe da wani ɓangare na Bauchi, inda kogunan Haɗeja da Jama'are ke malala kowace damina kafin su haɗe su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa zuwa Tafkin Chadi. An ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan ɗaya da rabi ne ke samun abincinsu daga wannan fadama, ta hanyar noma da su da kiwo da kuma abin da ake ɗebowa daga daji. Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani ne mafi rinjayen mazaunanta, kuma manyan garuruwan da ke kewaye da ita sun haɗa da Haɗeja da Auyo da Kirikasamma da Guri a Jigawa, sai Nguru da Gashuwa a Yobe.

Duk da wannan ni'ima, yankin na cikin wuraren da talauci ya fi katutu a ƙasar nan. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarar 2019 ya nuna cewa kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya na fama da talauci, kuma nauyin ya fi danne karkara, inda adadin ya kai kashi 52, alhali a birane kashi 18 ne. A wannan rahoto Jigawa na da kimanin kashi 87, Yobe kuma kimanin kashi 72. Saboda haka tarihin fadamar ya zama abin nazari ga duk mai son sanin yadda ake ƙara amfanin gona da kifi da daji ta hanyar da za ta kai ga aljihun talaka.

Inda ruwan ke fitowa

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Calawa, shi kuwa kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Idan suka iso gabashin Jigawa sai su tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, wadda tsofaffin tuddan yashi suka yanyanka. A nan ruwan ke rage gudu, ya rarrabu zuwa rassa da tafkuna da gulabe, ya mamaye filaye masu faɗi. Ambaliyar kan fara a watan Yuli, ta kai ƙololuwa tsakanin Agusta da Satumba, sannan ta riƙa janyewa sannu a hankali har cikin rani.

Ruwan sama a wannan yanki kaɗan ne, kuma damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano da Filato, inda damina ta fi albarka, shi ne ke tafiya ɗaruruwan kilomita ya zo ya raya gonakin da ke bakin hamada. Wani kaso na wannan ruwa yakan nutse cikin ƙasa, ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. Don haka ko mutumin da bai taɓa shiga kwalekwale ba yana da rabonsa a ambaliyar.

Yadda shekara ke juyawa a fadama

Magidanci a fadama ba kasafai yake dogara da sana'a ɗaya ba. Da faɗuwar damina zai shuka gero da dawa da riɗi a gonarsa ta tudu, ya kuma shuka shinkafa a kwari kafin ruwa ya iso. Idan ambaliya ta cika, kifi ya bazu cikin ciyayi yana hayayyafa, sai ya ɗauki koma da gora. Da ruwa ya fara janyewa, zai bi sawunsa ya shuka wake da kankana a danshin da ya bari, ba tare da ban-ruwa ba. Cikin ɗari kuma ga noman rani na alkama da albasa da tattasai da attaruhu da tumatir. A daidai wannan lokaci ne Fulani makiyaya ke saukowa da shanunsu domin ɗanyar ciyawa da ruwan sha, dabbobin kuma su bar taki a gonakin da aka girbe.

Mata da matasa na da nasu kason. Su ne ke yankan kaba su saƙa tabarmi da igiya da faifai, su tsinci goriba da aduwa da magarya, su ɗebo itacen girki, su yi bandar kifi, su turara shinkafa su sayar. Wannan jerin sana'o'i shi ne garkuwar talaka: idan fari ya cinye gero, kifi ya rufa asiri, idan ambaliya ta yi yawa ta shanye shinkafa, waken bayan ruwa ya maye gurbinta. Dukkansu kuwa sun rataya ne a kan abu guda, wato ruwa ya zo a kan kari, ya kuma tafi a kan kari.

Madatsun ruwa da lissafin riba

Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gwamnatoci sun karkata ga gina manyan madatsun ruwa. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, domin shayar da babban aikin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, sannan aka kammala madatsar Calawa da ke Ƙaraye a 1992. An kuma tsara madatsar Kafin Zaki a ɓangaren kogin Jama'are a Jihar Bauchi, wadda har yanzu ba a kammala ba, kuma al'ummomin da ke ƙasan kogin sun daɗe suna nuna fargaba a kanta.

Babu mai musun alherin waɗannan madatsu. Birnin Kano na shan ruwansu, kuma dubban manoman shinkafa da tumatir da alkama sun samu abin yi a rani. Sai dai fadamar da ke ƙasa ta biya farashi. Filin da ambaliya ke mamayewa, wanda a shekarun 1960 yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000, ya ragu zuwa ƙasa da hekta 100,000 a ƙarshen shekarun 1980, sakamakon madatsar Tiga da kuma shekarun fari da suka biyo baya.

A 1991 wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka yi wani lissafi da ya shahara a duniya. Sun haɗa darajar amfanin gona da kifi da itacen girki da fadamar ke samarwa, suka kwatanta da ribar aikin noman rani na Kano, gwargwadon ruwan da kowanne ke sha. Sakamakon ya nuna cewa kowace ma'aunin ruwa da ta isa fadama tana haifar da riba ninkin-ba-ninkin wadda take haifarwa a babban aikin ban-ruwa, duk da cewa ba su sa kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin ba. Abin da binciken ya fito da shi fili shi ne, wanda ya auna yawan amfani da buhunan hatsin gona ɗaya kaɗai zai iya ganin ci gaba a takarda alhali wasu dubban gidaje sun rasa kifi da ciyawa da itace.

Kacala

Babbar illar da ta biyo bayan madatsun ita ce ciyawar kacala. A da kogin Haɗeja kan ƙafe da rani, rana da wuta da kofaton shanu su kashe duk wata ciyawar ruwa. Da aka fara sakin ruwa daga madatsu duk tsawon shekara, sai rassan kogin suka daina bushewa, kacala ta samu wurin zama. Tsawonta kan wuce na mutum nesa ba kusa ba, saiwarta na yaɗuwa a ƙarƙashin laka, kuma tana tare yashi har hanyar ruwa ta toshe.

Da hanyoyi suka toshe, sai ruwa ya karkata zuwa reshen Marma da tafkin Nguru, wasu rassan kuma, irin su tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana, suka riƙa samun ɗan kaɗan. Ta haka wasu ƙauyuka suka wayi gari gonakinsu sun nutse shekara da shekaru, wasu kuma suna kallon nasu sun bushe. Masunci ba ya iya jefa birgi cikin kacala, kwalekwale ba ya ratsa ta. A cikinta ne tsuntsayen jan-baki ke kwana, su fito da safe su afka wa shinkafa da alkama da gero, har ya zama dole a cire yara daga makaranta su je korar tsuntsu. Sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya su ma a nan suke samun mafaka. Toshewar hanyoyin na kuma ƙara munin ambaliya a shekarun da ruwa ya yi yawa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, lokacin da garuruwa da gonaki masu yawa a masarautar Haɗeja suka nutse.

Al'ummomi sun daɗe suna yin gayya da lauje da adda domin buɗe hanyoyin ruwa, aiki mai wahala da hatsari. Daga baya Gwamnatin Jihar Jigawa ta sayi injunan haƙa masu tafiya a kan ruwa domin yashe kogin. An kuma gudanar da bincike tare da Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa kan yadda za a mayar da kacala abincin dabbobi da iskar gas ta girki. A ƙasashen Senegal da Muritaniya, inda ciyawar ta mamaye kogin Senegal, ana sarrafa ta zuwa gawayi. Masana dai sun fi jaddada cewa yanka kaɗai ba ya maganinta, muddin ba a tsara sakin ruwa ta yadda rassan kogi za su riƙa bushewa na wani lokaci a shekara ba.

Ƙara amfanin gona

Canji mafi girma da ya shiga noman fadama ya zo ne ta ƙaramin injin ban-ruwa. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, manoma da yawa sun rungumi noman rani, inji ya maye gurbin jigo. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, ya yaɗa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da injuna. Kashi na biyu da aka fara a 2004 ya sauya salo, ya bar wa ƙungiyoyin manoma da masunta da makiyaya da mata su zaɓi abin da suke buƙata da kansu, kuma binciken Cibiyar Nazarin Manufofin Abinci ta Duniya ya gano cewa kuɗin shigar waɗanda suka amfana ya ƙaru da kimanin kashi 60 cikin 100. Kashi na uku ya fara a 2008, ya game dukkan jihohi 36 da Abuja.

Iri ma ya taka rawa. Shinkafar FARO 44, wadda manoma ke kira sipi, tana nuna da wuri kuma tana ba da amfani fiye da tsofaffin iri, har ta ba da damar yin noma sau biyu a shekara inda ruwa ya samu. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar da nau'o'in alkama masu jure zafi, kuma a yankin Haɗeja ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirinta na noman alkama na rani a ƙarshen 2023. Alkama na buƙatar a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin ta yi ido cikin sanyin hunturu. Idan iri da taki suka makara da 'yan makonni, zafin bazara zai riske ta kafin ta cika, manomi ya tashi da bashi.

Akwai kuma ribar da ake samu bayan girbi. Buhun ajiya mai leda biyu a ciki, wanda ke hana iska shiga, yana kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, ya ba manomi damar riƙe kayansa daga kaka har farashi ya tashi. Busar da tattasai da tumatir a kan shimfiɗa mai tsabta maimakon ƙasa na ƙara musu daraja a kasuwa. Tsadar man fetur tun bayan janye tallafi a 2023 ta sa manoma da dama sun koma ga injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ko da yake kuɗin sayensa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi idan babu lamuni ko ƙungiya. Kuma duk rijiyoyin nan daga ambaliya suke samun ruwansu. Idan ta ragu, su ma za su ja baya.

Ƙara amfanin su

Yawan kifin da ake kamawa a fadama na bin faɗin ambaliyar shekarar. Tarwaɗa da karfasa da kurungu da bargi kan bi sabon ruwa su shiga ciyayi su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a wurin kafin ruwa ya koma gulbi. Saboda haka kowace hekta da aka hana ruwa to an rage kifin da zai je kasuwar Haɗeja da Nguru da Gashuwa, inda fatake ke lodin banda zuwa kudancin ƙasar nan. Najeriya na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuwa bai kai wannan adadi ba, sauran sai an shigo da shi ko a haƙura.

Hanya mafi sauƙi ta ƙara kifi tsohuwa ce. A al'adance sarkin ruwa ko bulama ne ke rufe wasu tafkuna, ba mai taɓa su sai ranar da aka buɗe su, kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram. Inda wannan doka ta yi rauni, aka shiga amfani da raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, ana kwashe kifi tun bai kai ga haihuwa ba. Farfaɗo da lokacin hutu da ƙayyade idon raga ba sa cin kuɗi mai yawa, amma suna buƙatar yardar masunta da kansu, da kuma wata sana'ar da za su riƙe a watannin da aka rufe ruwa.

Asara ta biyu tana wajen banda. Kifin da aka ƙyafe a buɗaɗɗen murhu yakan ƙone ko ya ƙi bushewa sosai, ƙwari su cinye shi a kwali kafin ya isa Legas ko Onica. Rufaffen murhun banda, irin wanda Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona da ke Ilorin da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke New Bussa suka ƙera, yana cin itace kaɗan, yana kuma fitar da kifi mai tsabta da ke daɗewa. A nan ne maslahar masunci da ta daji suka haɗu, domin banda na cikin abubuwan da ke cinye itatuwan bakin kogi.

Ƙara amfanin daji

Dajin fadama ba na katako ba ne. Dukiyarsa ita ce goriba da kabarta, da bagaruwar da majema ke jima da ita, da tsamiya da kuka da kanya, da kuma ƙaron da ake samu daga dakwara. Jigawa da Yobe na cikin jihohin da suka fi samar da ƙaro, wanda kamfanonin lemo da alewa da magunguna na ƙasashen waje ke saya, kuma akwai reshen binciken ƙaro na tarayya a Gashuwa. Ana tsaga bawon dakwara ne da rani, lokacin da aikin gonar tudu ya ƙare, don haka kuɗinsa na zuwa a daidai lokacin da rumbu ya fara sauka.

Barazanar ita ce sara domin itacen girki da gawayin da ake kai wa birane, da kuma mutuwar itatuwa a wuraren da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya. Shirye-shiryen dashe da yawa sun gamu da cikas saboda rashin mai kula da shukar bayan an dasa. Darasin da ya fi dacewa da wannan yanki ya fito ne daga maƙwabta a Jamhuriyar Nijar. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, wato manomi ya bar tohon kututturen da ke gonarsa, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya rage sauran, har su zama itace. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Gawo ne kan gaba a wannan aiki, domin yana kakkaɓe ganyensa da damina, ba ya yi wa gero inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Abin da ya sa aikin ya ɗore shi ne manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne.

Hukumomi da yarjejeniyoyi

An fara shirin kare fadamar a 1987 da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare muhalli na gida da waje. A shekarar 2000 tafkin Nguru da reshen Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008, sannan a 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja-Nguru-Bade a matsayin keɓaɓɓen wurin kare halittu. Dubban tsuntsaye daga Turai ne ke zuwa su yi hunturu a nan.

A 2006 gwamnonin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe, bisa fahimtar cewa babu jihar da za ta iya gyara kogin ita kaɗai. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara hanyoyin ban-ruwa na Kano da na kwarin Haɗeja da ke Auyo, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa a 2015 na aiki a jihohi 11 na bakin hamada, shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da aka amince da shi a 2021 kuma ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace.

Batutuwan da har yanzu ke gaban waɗannan hukumomi su ne jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Calawa wanda zai kwaikwayi ambaliyar damina ya kuma bar rassa su bushe da rani, da yashe hanyoyin da suka toshe tun daga Haɗeja har Gashuwa, da shata burtali da mashaya domin noman rani kada ya rufe wa makiyaya hanya, da kuma makomar madatsar Kafin Zaki, kasancewar kogin Jama'are ne ya rage ba shi da babbar madatsa, kuma shi ne ke kai mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa da garuruwan da ke ƙasa da ita.